Rufe Fayil Sau Biyu: Ƙaramin Kuskuren Da Ke Lalata Bayanai A Waya

Duk wanda ya taɓa kai wayarsa wurin mai caji, a kasuwa ko a tasha, ya san yadda abin yake. Mai shago zai karɓi wayar, ya manna mata lamba, ya miƙo ɗan kati mai ɗauke da wannan lambar. Idan layi ya yi tsawo ba ya tambayar suna, ba ya ma kallon fuska. Wanda ya zo da lamba 7, wayar da ke kan lamba 7 za a ba shi. Da zarar an karɓe ta kuma, lambar ta koma babu kowa a kanta, wayar da ta shigo daga baya ita za a manna wa.

To a ɗauka wani ya kai wayarsa da safe, aka ba shi lamba 7, ya faɗa wa ƙaninsa lambar ya ce ya biya ya karɓo masa in ya taso daga makaranta. Da rana sai hanya ta bi da shi ta wurin, ya karɓi abarsa, ya manta bai sanar da ƙanin ba. La'asar ta yi, yaro ya zo ya ce lamba 7. Ɗayan biyu ne zai faru. Ko dai mai shago ya duba ya ce babu waya a wannan lambar, yaro ya koma gida hannu rabbana, ko kuma an riga an manna wa wayar wani bawan Allah lamba 7 ɗin, a ɗauka a ba yaro, ya tafi da abin da ba na yayansa ba. A na farko kunya kawai aka ji. A na biyu babu wanda ya lura da komai, har sai mai wayar ya dawo da magariba rigima ta tashi.

Irin wannan ne ke faruwa a cikin wayar Android, da iPhone, da kwamfuta mai Windows, duk lokacin da manhaja ta yi ƙoƙarin rufe abin da ta riga ta rufe.

Katin da babbar manhaja ke bayarwa

Manhaja ba ta taɓa fayil da hannunta. Idan WhatsApp na son karanta hoto, ko Chrome na son buɗe hanyar sadarwa zuwa wani shafi, sai sun roƙi babbar manhajar wayar. Ita za ta buɗe abin, ta rubuta shi a teburinta, ta miƙo lamba. Da wannan lambar za a riƙa cewa karanto, rubuta, rufe. A Linux, wanda a kansa aka gina Android, sunan lambar file descriptor, ana taƙaita shi fd. A Windows handle ake cewa. A nan za a riƙa kiranta kati.

Katunan Linux ƙananan lambobi ne. An saba ware 0 don shigar da bayani, 1 don fitar da shi, 2 kuma don saƙonnin kuskure, saura su fara daga 3. Akwai wata ƙa'ida da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin duk matsalar daga ita ta taso: idan aka buɗe sabon fayil, lambar da ta fi ƙanƙanta cikin waɗanda babu kowa a kansu ita ake bayarwa. Ke nan idan aka mayar da kati 7 yanzu, kuma duk na ƙasa da shi suna hannu, abin da za a buɗe nan gaba 7 zai samu. Ba a jira, ba a tsallakewa.

Mayar da kati dole ne. Kowace manhaja tana da iyakar katunan da za ta riƙe a lokaci guda, a yawancin kwamfutocin Linux 1024 ne idan ba a ƙara ba, kuma wadda ta cika su za ta fara ganin saƙon Too many open files, ta kasa buɗe komai. Wannan ne ya sa masu koyon gina manhaja ke jin ana ta nanata musu su rufe abin da suka buɗe. Abin da ba a cika faɗa musu ba shi ne, rufewa sau biyu ya fi rashin rufewa muni.

Kuskuren da ke magana, da wanda ke shiru

A duba wannan a yaren C:

```
int fd = open("hoto.jpg", O_RDONLY), /* an samu kati 7 */
close(fd), /* an mayar da 7 */
close(fd), /* an sake mayarwa */
```

Idan babu abin da aka buɗe tsakanin layi na biyu da na uku, umarnin close() zai dawo da -1, ya ajiye lambar kuskure 9, wato EBADF, ma'ana katin ba shi da inganci. A Windows kuma CloseHandle() zai gaza da kuskure mai lamba 6, ERROR_INVALID_HANDLE. Mutane da yawa idan suka ga haka sai su ce ai ba komai, tunda dama rufewa ake so kuma abin a rufe yake. Wasu ma sai su rubuta layin da zai haɗiye kuskuren don kada ya ƙara damunsu.

Amma manhajar waya ba mutum ɗaya ba ce mai aiki ɗaya. A cikinta akwai ayyuka da yawa da ke tafiya lokaci guda, ana kiran kowanne zare: wani na zana allo, wani na sauko da bidiyo, wani na ajiye saƙonni. Dukkansu teburin katuna ɗaya suke amfani da shi. Idan a ɗan tsakanin nan, wanda bai kai ƙiftawar ido ba, zaren ajiye saƙonni ya buɗe rumbun bayanansa, 7 za a ba shi. Sai close() na biyu ya zo ya rufe masa rumbun, ya kuma dawo da 0, alamar komai lafiya. Can gaba zaren saƙonni ya zo rubutu ya tarar katinsa ya mutu. Kuskuren zai bayyana ne a wurin da ba shi da laifi ko kaɗan, mai gyara ya kwana yana tono inda babu komai.

Akwai ma wanda ya fi haka. Idan bayan an rufe rumbun wani zare na uku ya buɗe hanyar intanet ya samu 7, to zaren saƙonni zai ci gaba da rubutu ba tare da wani kuskure ba, sai dai abin da yake rubutawa intanet yake tafiya.

Don haka ganin EBADF a wurin rufewa sa'a ce. Yaron ne ya zo a lokacin da babu waya a lamba 7. Kod ɗin da ya ba da wannan kuskuren yau a wayar gwaji, shi ne gobe zai rufe fayil ɗin wani a wayar mai amfani, bambancin kawai lokaci ne.

Ya taɓa faruwa

Rufe kati sau biyu da yin rubutu da katin da aka riga aka mayar, uwarsu ɗaya: wani ɓangare na manhaja yana riƙe da lambar da ba tasa ba ce yanzu. Masu kula da SQLite, wato ƙaramin rumbun bayanan da ke cikin kowace wayar Android da iPhone, wanda a cikinsa WhatsApp ke ajiye hirarraki, sun sanya wannan cikin hanyoyin da rumbu ke lalacewa, kuma su kansu ya taɓa cin su. A watan Agustan 2013 rumbun da ke ɗauke da aikinsu na Fossil ya lalace. Wani abu ya rufe kati 2, na saƙonnin kuskure, kafin a buɗe rumbun, sai rumbun ya samu lamba 2. Daga baya manhajar ta ci karo da wata matsala ta rubuta saƙon kuskure zuwa kati 2 kamar yadda ta saba, saƙon ya hau kan bayanan rumbun ya shafe wani sashe. Tun daga SQLite 3.8.1, wanda ya fito a Oktoban shekarar, ba ya yarda ya buɗe rumbu a kan 0, 1 ko 2.

A 2014 injiniyoyin Facebook suka ba da labarin irin nasu a manhajarsu ta iPhone, wadda ta daɗe tana rushewa a hannun wasu mutane saboda rumbun bayananta na lalacewa. Da suka duba fayilolin da suka lalace sai suka tarar da bayanan da ya kamata a ce intanet suka tafi. Sashen da ke ɓoye sirrin sadarwa ne ke ci gaba da rubutu da katin hanyar da aka riga aka rufe, alhali an ba rumbun bayanai lambar.

Daga ina rufewa ta biyu ke fitowa?

Babu wanda ke rubuta close() biyu a jere kamar misalin sama. Yawanci abin na zuwa ne ta rashin sanin wane ne mai katin.

Ga wanda masu gina manhajar Android ke yawan faɗawa ciki. Mutum ya zaɓi hoto ko bidiyo daga wayarsa, manhaja ta karɓi ParcelFileDescriptor a Java ko Kotlin, ta ciro lambar da getFd(), ta miƙa wa wani sashe da aka rubuta da C don ya matse bidiyon. Sashen C ya gama ya rufe, yana ganin ladabi ya yi. Ita kuma Java har yanzu tana ɗaukar kanta mai kati, za ta rufe nata idan lokaci ya yi. Umarnin getFd() aro ne kawai, wanda ya ara ba ya rufewa. Idan ana son a bar wa sashen C katin gaba ɗaya, detachFd() ake kira, Java ta cire hannunta. Idan kuma kowa na buƙatar nasa, sai a yi dup(), a samu kati na biyu mai lamba daban da ke nuna fayil guda, kowa ya rufe nasa.

Haka yake da fdopen() a C. Da zarar an naɗe kati da shi, fclose() ne zai rufe katin, wanda ya ƙara close() a baya ya rufe sau biyu.

Sai hanyar kuskure. Aiki ya gaza a tsakiya, aka rufe fayil nan take, sannan aka gangara sashen share fage na ƙarshe wanda shi ma ke rufe komai. Tunda ba kullum aikin ke gazawa ba, ana iya yin wata da watanni ba a bi ta layin ba, sai ranar da netwok ya yanke ana tsakiyar saukar da fayil.

Na gaba kuwa tarko ne da ke kama waɗanda suka fi taka-tsantsan. A Linux akwai kuskuren EINTR, wanda ke nufin wata sigina ta katse umarni kafin ya kammala. Ga read() da write(), daidai ne a sake gwadawa. Mai koyo sai ya ga ai close() ma haka ne, ya sa shi cikin zagaye yana maimaitawa har ya yi nasara. A Linux da Android wannan kuskure ne, domin tun a farkon aikin close() ake sakin lambar, ko da daga baya ya dawo da EINTR. Maimaitawa rufewa ce ta biyu. Akwai tsarin da ba haka yake ba, kamar HP-UX, inda katin ke nan a buɗe bayan EINTR, shi ya sa ake samun tsofaffin kod masu wannan zagayen suna yawo a intanet, mutane na kwafa ba su san don wace na'ura aka rubuta ba.

Sai batun sifili. A Linux 0 kati ne mai rai, alamar babu kati ita ce -1. Wanda ya bar ma'ajiyar katinsa a kan 0 kafin ya buɗe komai, sannan sashen share fage ya kira close() a kai, ya rufe hanyar shigar da bayani, kuma fayil na gaba shi zai hau lamba 0. Labarin Fossil ke nan ta wata ƙofar.

Windows da alamunta biyu

A Windows rikicin ya ɗan fi haka, domin alamar gazawa biyu ce. CreateFile() idan ya gaza INVALID_HANDLE_VALUE yake dawowa da shi, wato -1. Amma CreateThread(), da CreateEvent(), da OpenProcess(), NULL suke dawowa da shi, wato 0. Gado ne daga zamanin Windows mai 16-bit, inda umarnan buɗe fayil ke dawo da -1, aka bar shi haka don kada tsofaffin manhajoji su wahala. Wanda ya duba NULL bayan CreateFile() zai ɗauka ya yi nasara alhali bai buɗe komai ba.

Abin dariyar shi ne -1 ɗin nan dai shi ne lambar da GetCurrentProcess() ke bayarwa, wadda ke nufin manhajar da kanta. Don haka idan aka miƙa katin da ya gaza ga WaitForSingleObject() aka ce ya jira ba iyaka, ba zai yi ƙorafi ba. Manhajar za ta zauna tana jiran kanta ta mutu.

Kuma ba kowane kati CloseHandle() ke karɓa ba. Na FindFirstFile() da FindClose() ake rufe shi, na soket da closesocket(), na rajista da RegCloseKey(). Abu ɗaya mai kyau dai, idan manhaja na gudana ƙarƙashin na'urar farautar kuskure ta Visual Studio, rufe katin banza yana tsayar da ita nan take da lambar 0xC0000008. Wanda ya ga wannan kada ya danna ci gaba ya wuce.

To me za a yi?

Mataki na farko mai sauƙi ne: da an rufe, a shafe lambar.

```
if (fd >= 0) {
    int r = close(fd);
    fd = -1;              /* ko ya yi nasara ko bai yi ba */
    if (r == -1 && errno == EBADF)
        abort();
}
```

A lura `fd >= 0` aka rubuta, ba `fd > 0` ba, kuma ana mayar da shi -1 ko mene ne sakamakon. Sai dai wannan yana kare ma'ajiya ɗaya ce kawai. Idan an kwafi lambar zuwa wani wuri, kamar yadda yaya ya faɗa wa ƙaninsa, kwafin na nan da ransa. Maganin gaske shi ne kowane kati ya kasance da mai shi guda ɗaya tak, kuma duk umarnin da ke karɓar kati a rubuta a samansa ko aro yake yi ko karɓa.

Shi ya sa ya fi kyau a bar wa yaren aikin rufewa in yana da hanyar. Java ta samu try-with-resources tun Java 7 a 2011, Kotlin na da use, Python na da with, C++ na da dabarar da ke rufe kati da kanta idan abin da ke riƙe da shi ya ƙare, irin su unique_fd da ake amfani da shi a cikin Android. Rust ma ya raba su da suna, OwnedFd na mai shi, BorrowedFd na mai aro. A Java, kiran close() sau biyu a kan FileInputStream guda ba ya cutarwa, domin abin yana tuna cewa ya riga ya rufe. Haɗarin na dawowa ne kawai idan aka ciro ɗanyar lambar aka fita da ita.

Ba duk kuskuren rufewa ne iri ɗaya ba kuma. Idan close() ya dawo da EIO, ko ENOSPC a ma'ajiyar da ke kan netwok, yana nufin wataƙila abin da aka rubuta bai isa ba. Wannan ba laifin kod ba ne, kuma mai waya ya cancanci a faɗa masa cewa fayil ɗinsa bai ajiyu ba, ba a nuna masa alamar nasara ba. Wanda ke son tabbaci sai ya kira fsync() kafin rufewa. Amma EBADF ba na mai waya ba ne, na mai gina manhaja ne.

Layin abort() na sama zai ba wasu tsoro. Don me za a kashe manhaja da gangan saboda ta kasa rufe abin da yake a rufe? Masu gina Chrome haka suka zaɓa: idan rufe kati ya dawo da EBADF, sashen yana rushe kansa. Manhajar da ta rikice game da katunanta ba ta san inda take rubuta bayanan mutane ba, kuma sake buɗe manhaja ya fi rasa hirar shekara biyar sauƙi. Wanda bai kai ga wannan ƙarfin halin ba, aƙalla ya rushe ta a sigar gwaji, a sigar jama'a kuma ya tura rahoto. Haɗiye kuskuren shiru ne kawai ba shi da hujja.

Google ma nan ta dosa. A Android 10, shekarar 2019, ta shigo da fdsan, wanda ke manna wa kati tambarin mai shi, ta yadda idan wani ya zo rufe katin da ba nasa ba za a gane ko da lambar na da rai. Da farko gargaɗi kawai yake rubutawa a logcat. Daga Android 11 a 2020, manhajar da aka gina domin sabon tsarin kashe ta yake yi, ya bar saƙo mai farawa da fdsan wanda ke faɗin lambar katin da wanda ya mallake shi. Wannan na cikin dalilan da ke sa wata manhaja ta riƙa fita da kanta a sabuwar waya alhali tana aiki a tsohuwa. Ba sabuwar wayar ce ta lalata ta ba, ciwon dama yana nan, yanzu ne aka samu mai faɗa. Iyakar fdsan ita ce sai katin na da tambari yake iya kamawa. Na Java, da na fopen(), da na unique_fd suna da shi, amma wanda aka buɗe da open() tsirara ba shi da shi sai an manna masa.

A gwada a waya

Ba sai da kwamfuta ba. Mai wayar Android zai iya sauke Termux, ya rubuta `pkg install python`, ya ajiye wannan a fayil ya gudanar:

```
import os
a = os.open("a.txt", os.O_CREAT | os.O_WRONLY)
os.close(a)
b = os.open("b.txt", os.O_CREAT | os.O_WRONLY)
print(a, b)
os.write(a, b"wannan na a.txt ne")
os.close(a)
os.write(b, b"wannan na b.txt ne")
```

Layin print zai nuna lamba ɗaya sau biyu. Rubutu da tsohon kati `a` zai wuce lafiya, rufe shi karo na biyu ma zai wuce lafiya. Layin ƙarshe, wanda bai yi laifin komai ba, shi zai faɗi da Errno 9, Bad file descriptor. Sai a rubuta `cat a.txt`, za a ga babu komai a ciki. A rubuta `cat b.txt`, a nan za a tarar da saƙon da aka yi wa a.txt.